Ba Haka Ake Kauce Wa Mari Ba

Akwai wani dattijo mai shagon aski a bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Dariya Dole. Suna ne da ya bi jiki. Ko daga ta'aziyya ka fito ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama gyara maka ƙeya sai ka dara. Ya iya tafiyar kowa, ya iya muryar kowa. Wasu ma da kai a aske suke zuwa, su zauna a benci don hira kawai.

To amma inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Dariyar nan a shago yake kulle ta tare da almakashi da tawul. Wanda ke isa gida da yamma wani mutum ne daban.

Matarsa tela ce, tana ɗinkin kayan mata a cikin gida. Ta sha mari a gidan nan har ba ta san adadi ba. An mare ta don gishiri ya yi yawa, an mare ta don ba a ga takalmi ba, an mare ta don ta yi magana, an kuma mare ta don ta yi shiru. Idan maƙwabta suka sa baki, amsarsa ɗaya ce: "Gidana ne."

Da girma ya zo, hannun ya yi sanyi. Amma bakin bai taɓa buɗewa ya ce "yi haƙuri" ba.

'Ya'ya suka girma suka watse, sai babban ɗansu, malamin makaranta, shi ya rage a gari. Da hawan jini ya kwantar da uwar, daga asibiti gidansa ya wuce da ita don jinya. Ta warke sarai, amma ba ta koma ba. Har keken ɗinkinta ta sa aka ɗauko mata. Duk lokacin da mijin ya aiko, sai ta ce, "A ce masa sai na ƙara jin ƙarfi."

A shago yana cewa, "Madam tana hutu, mun ba ta hutun ƙarshen shekara." A yi dariya. Amma abin yana cin sa. Gida ya yi masa faɗi, babu motsin kowa sai nasa. Yana son ta dawo, so na gaske, sai dai yana son ta dawo ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Shi kuwa malamin yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba wasu ƙwararru ba ne, ma'aikata ne da ke haɗuwa bayan an tashi aiki a tsohon zauren taron makaranta, mai fanka ɗaya da ke juyawa idan ta ga dama. A lokacin suna shirin wani wasa da ya rubuta, mai suna "Gidana Ne". Wasan ban dariya ne, amma irin dariyar da in ka gama sai ka ji ɗaci a maƙogwaro.

Labarin wani Maigida ne da ke faɗa da komai na gidansa. Ya mari rediyo don ta faɗi labarin da bai so ba. Ya yi wa buta kashedi don ta tafasa ba da izininsa ba. Ya yi tuntuɓe da kujera, ya ce sai ta ba shi haƙuri. 'Yan kallo za su yi ta dariya, har a zo kan matarsa.

Malamin bai gaya wa kowa inda ya samo labarin ba.

Ana saura 'yan makonni, makaniken da ke fitowa a Maigida ya karye a gareji. Labari ba ya kwana a shagon aski. Washegari sai ga Dariya Dole a zauren taro, da hularsa a karkace.

"Ticha," ya ce wa ɗansa, don haka yake kiran sa in yana jin tsokana, "an ce jarumin naka ya karye. Ga ni a gida kana neman bare?"

"Baba, wannan ba irin wasanka ba ne."

"Akwai dariya a ciki?"

"Akwai."

"To nawa ne."

Ya riga ya gama lissafinsa. Idan matarsa ta gan shi a kan dandali, zaure ya cika, ana tafa masa, za ta tuna wane ne ta aura, ta haɗa kayanta ta biyo shi.

Malamin ya rasa yadda zai yi. Ya koma gida ya samu uwarsa a kan keke, ya gaya mata. Ba ta ko ɗaga kai daga ɗinkin ba.

"Ba shi," ta ce. "Ai shi ba sai ya yi hadda ba."

Ranar da aka fara karanta masa wasan, Dariya Dole ya yi dariya har yana share hawaye da hula.

"Ticha, ina ka samo wannan sakaran? Wallahi na san irinsu, suna zuwa aski wurina."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe wa mutane madubi su ga ƙeyarsu, ga tasa an nuna masa bai gane ta ba. Maganganun da ke cikin takardar nan nasa ne, wasu ko wasali ɗaya ba a canja ba.

Gaskiya dai, ya iya. Ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba. Idan ya tsaya yana yi wa buta faɗa, har masu share zaure sai sun ajiye tsintsiya.

Matsala ta fara ne da aka zo wurin mari. Wadda ke fitowa a matar Maigida wata nas ce, yarinya mai fara'a. Malamin ya tsayar da su biyu ya yi bayani.

"Baba, a dandali ba a mari. Hannunka iska zai bi, ya wuce ta gaban fuskarta. Ita ce za ta tafa hannunta a ɓoye ta juya kai, ƙarar daga wurinta za ta fito. Sannan akwai doka ɗaya: ba ka ɗaga hannu sai ka kalli cikin idonta, ka ga ta shirya."

Dattijon ya dubi sauran 'yan wasa ya kashe ido ɗaya.

"Jama'a, ni za a koya wa mari?"

Kowa ya fashe da dariya. Malamin ne kaɗai ya kalli ƙasa.

"Kuma wane irin kallon ido?" ya ƙara. "Mari ai ba ya sallama."

Haka aka yi ta fama. Shi ya ƙi kallon ido, ya kawo hannu kamar walƙiya, har sau ɗaya ya shafi hancin nas ɗin. Ita kuma ta kasa nata. A gidan da ta tashi ba a dukan kowa, ba ta san abin ba sai a fim. Sai hannu ya wuce take tuna ta tsorata, ta ƙwala ihu ta dafe kirji. Malamin ya ce a sake, a sake, har kowa ya gaji.

Ran nan sai ga uwar malamin ta shigo da kayan da ta ɗinka wa 'yan wasa, za ta gwada musu. Tef a wuya, allurai a leɓe. Ta gaida mijinta kamar yadda ake gaida maƙwabci, ta zauna a gefe tana rage hannun wata riga. Aka ci gaba da gwaji.

Aka zo wurin mari, nas ta sake ƙwala ihunta.

Tsohuwar ta zare alluran daga bakinta.

"'Yata, ba haka ake yi ba."

Kowa ya juyo. Ta ajiye rigar ta tashi a hankali, ta hau dandali. Babu fushi a muryarta. Da irin muryar da take cewa riga ta yi tsawo take magana.

"Wadda ta saba ba ta jiran hannu. Tun daga ƙarar makulli a ƙofa take sanin yadda ya dawo. In kina waƙa ki daina. In rediyo na kunne ki kashe. Ki duba ko akwai abin da ba ya wurinsa. Kuma ba a ihu, yara suna ji."

Ta matso kusa da nas.

"Idan ya ɗaga hannun, kada ki kare fuska, ƙara masa zafi yake yi." Ta kama kafaɗun yarinyar ta juya ta kaɗan. "Ga yadda ake yi. Ki miƙa masa gefen da kunnen ya riga ya mutu, don ki tsira da ɗayan."

Ta sauka ta koma wurinta, ta ɗauki rigar ta ci gaba da ɗinki.

Dariya Dole ya duba hagu ya duba dama.

"Kun ji ta ko? Madam ma ta zama darakta."

Babu wanda ya dara. Tunda yake, bai taɓa jefa magana ta faɗi ƙasa haka ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Malamin ya bi shi, ya cim masa a bakin ƙofar makaranta.

"Baba, in ka ga ba za ka iya ba, sai a ɗaga wasan."

"Ni ne ba zan iya ba? Uwarka ta zo ta tsinka ni a gaban yara, shi ne za ka biyo ni da wannan?" Ya yi 'yan taku, ya tsaya bai juyo ba. "Wace magana ce ta kunne?"

"Na hagu. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe tun da daɗewa. Ranar da ka nemi rezarka ba ka gani ba."

"Ban tuna ba."

"Mu mun tuna, Baba."

A nan ne abin ya fi ba ni takaici, 'yan uwa. Shekara da shekaru mutumin nan yana kiran matarsa mai kunnen ƙashi. Ya kira ta daga ɗaki ba ta amsa ba, ya fito ya ce raini ne, ya ƙara mata wani marin. Ashe ba taurin kai ba ne, jin ne babu, kuma shi ya ɗauke shi da hannunsa.

Kuna tsammanin ya karaya? Girman kai rawanin tsiya ne. Ya ce ai mata sun iya ƙara wa miya gishiri. Ya kuma aika wa ɗansa cewa ba zai sake zuwa gwaji ba, ya riga ya haddace nasa, sai ranar wasa a gan shi. Dole wani ya riƙa tsaya masa, nas ta ci gaba da koyon abin da tsohuwar ta nuna mata.

Ranar wasa, da yamma, zaure ya cika har da na tsaye. Rabin mutanen abokan cinikinsa ne. Ya leƙa ta gefen labule ya hango matarsa a ƙarshen layi na biyu, hannuwanta a kan cinya. Ya ce a ransa, yau dai za ta gani.

Aka buɗe labule, ya shiga da ƙafar dama. Ya mari rediyo, zaure ya ɗauka. Ya yi wa buta kashedi, wani ya faɗo daga benci don dariya. Da kujera ta sa shi tuntuɓe ya riƙe yatsa yana cije leɓe yana cewa, "Namiji ba ya kuka," sai da aka jira mutane suka lafa. Kafin a kai rabi, da ya buɗe baki 'yan kallo ke riga shi cewa, "Gidana ne."

Sai aka zo fitowa ta ƙarshe. Maigida ya fita, zai dawo. Dariya Dole ya tsaya a bayan ƙofar katako ta dandali da makullai a hannu, yana jiran lokacinsa. Akwai tsaga a jikin ƙofar, ya sa ido.

Matar Maigida tana guga. Tana waƙa ƙasa-ƙasa, tana rausaya kai, har ta ɗaga wata 'yar riga ta yi mata murmushi. Ɗakin ya yi daɗi. Shi kansa sai da ya ji yana son shiga ya zauna.

Malamin ya yi masa alama. Ya karkaɗa makullai.

Waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Hannu ya kai ga rediyo ya kashe. Idanu suka zagaya ɗakin da sauri, ta gyara kujera, ta tura takalmi wurinsa. Kafaɗunta suka shige ciki, matar ta ƙanƙance a gaban idonsa, tun bai taɓa ƙofar ba.

Bai taɓa ganin wannan ba. Ta yaya zai gani? Duk rayuwarsa bayan an buɗe ƙofa yake shiga. Gidan da ya sani shi ne mai shiru, ya ɗauka haka Allah ya yi shi. Bai san akwai waƙa a gidansa ba.

Ƙafafunsa suka kai shi ciki. Bakinsa ya faɗi abin da ya haddace, muryar kamar ta wani. Ya ɗaga hannu. Dokar da ya ƙi bi tun farko sai ta kama shi ba shiri, ya kalli cikin idon yarinyar.

Ba ta kare fuska ba, ba ta yi ihu ba. Ta juya a hankali ta miƙa masa gefen hagu.

Hannun ya tsaya a sama ya ƙi saukowa.

Ita kuwa nas ta riga ta saba da lokacinta. Ta tafa hannu a ɓoye, ta wurga kai gefe. Ƙarar mari ta cika zauren, alhali hannunsa na nan a sama bai motsa ba.

Mutane suka ɗauka cikin wasan ne. Dariya ta ɓarke irin wadda ba a yi ba tun farko. Wani daga baya ya ce, "Maigida ya kai matsayi, yanzu daga nesa yake aikawa."

Hawaye suka zubo masa. Ba na wasa ba, na gaske, har suna ɗiga a gaban rigar da matarsa ta ɗinka. Da 'yan kallo suka gani sai suka haɗa baki suna mayar masa da maganarsa, "Namiji ba ya kuka," suna tafi suna buga benci. Dariyar da ya rayu a kanta tun yana saurayi, yau ita ke dukan sa ta ko'ina, kuma babu gefen da zai miƙa mata.

Malamin ya ja labule da hannunsa. Uba da ɗa suka tsaya a bayan labulen, tafi na tashi a waje. Da dattijon ya leƙa, wurin matarsa a ƙarshen layi na biyu babu kowa.

Washegari da safe bai buɗe shago ba. Ya tafi gidan ɗansa. Ya same ta a baranda a kan keke, tana haɗa wuyan wata riga. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Can, da murya ƙasa-ƙasa don kada matar ɗansa ta ji daga ciki, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

Keke ya ci gaba da tafiya.

Ya jira. Ba ta juyo ba. Sai da ta zo yanke zare ta ga leɓensa na motsi.

"Magana kake yi? Zagayo ta nan, wannan gefen ba ya ji."

Ya tashi ya zagaya. Bai koma kan kujera ba, ya durƙusa a gefen keken, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Na ce ki yafe mini. Na zalunce ki. Na zalunci yaran nan."

Ta dube shi. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta girgiza ba.

"Na yafe maka tun ina kwance a asibiti. Na ga mutuwa kusa, ban so in tafi da kai a zuciyata ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya share fuska. "To ki dawo gida. Wallahi ba zan ƙara ba."

"Na yarda ba za ka ƙara ba, baban yara. Amma jikina bai yarda ba. A nan nake barci har gari ya waye. Na manta ana yin haka, sai da na zo gidan nan. 'Yan kwanakin da suka rage mini, ka bar ni in yi barci."

Ya sunkuyar da kai.

"Zan iya zuwa in riƙa gaishe ki?"

"Gidan ɗanka ne," ta ce, ta mayar da ƙafa kan keke.

Ya riƙa zuwa kuwa, kusan kullum, ya zauna a damanta yana zura mata zare a allura don idonta ya fara rauni. Ta karɓe shi da mutunci, wani lokaci har su yi hirar jikoki. Amma har ta koma ga Mahaliccinta, ba ta sake kwana a gidansa ba.

Darasi: Namiji ba da nauyin hannu ake gane shi ba, da yadda iyalinsa ke ji idan sun ji motsinsa a bakin ƙofa ake gane shi. Kada ka raba wa mutanen waje fara'arka ka kai wa na gida ragowar fushi. Yafiya tana samuwa, amma ba ta mayar da abin da hannu ya lalata, don haka ka nemi gafara tun akwai abin da za a ceto. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai gane kansa tun lokaci bai ƙure masa ba.